Ganyen da Baba Ya Auna

Wari ne ya tona asirin. Na shiga shagon Baba da hantsi ran Asabar, na kawo masa zaren da ya ce in sayo, sai na tarar da keken ɗinkinsa a lulluɓe da zane, shi kuma yana kan benci yana sa maɓalli da hannu. Baba tela ne tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa ganin keken nan a rufe da rana ba sai ranar da kakarmu ta rasu. A ƙarƙashin ƙamshin sabon yadi da man keke akwai wani wari, irin na naman da aka manta a firji bayan wuta ta ɗauke.

"Baba, me ke wari haka?"

"Ɓera ne ya mutu a bayan kanta. Ajiye zaren can, ki gaida mutanen gida."

Korata yake yi, kuma Baba ba ya korata. Na duba ƙasa. Ƙafarsa ta hagu tana cikin silifas, ta dama kuwa, wadda yake taka keke da ita, tana cikin safa mai kauri a wannan zafin. Na durƙusa. Ya ce in bari, ya sake cewa in bari da muryar da yake tsawata mana muna yara, ban bari ba. Safar ta manne da fata, sai da na jiƙa ta da ruwan buta sannan ta fita. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, tafin ƙafar ya buɗe, kumburi ya haura idon sawu.

"Allura ce na taka, wata biyu ke nan," in ji shi. "Ba ya ma ciwo, Dakta."

Haka yake kirana, Dakta, tun ranar da na gama digirina na uku. Na gaji da gaya masa ni ba likitar mutane ba ce. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne, ina tatsar mai da ruwa daga ganyayyaki in ga sinadaran da ke ciki. Shekara shida ina kan tsiro guda, wata irin ɗoɗɗoya, ba wadda ake sawa a girki ba, 'yar'uwarta ce mai ganye ja-ja da gashi-gashi a kara, wadda wasu al'ummomi ke girmamawa har suna ce mata mai tsarki. In ka murza ganyen za ka ji ƙamshin kanumfari, saboda wani sinadari da ake kira yujinol da ke cikinsu su biyun. Na san wannan ganye fiye da yadda na san maƙwabtana. A ranar nan kuwa, durƙushe gaban ƙafar mahaifina, duk sanin bai tsinana mini komai ba.

Yayana ya zo da mota muka kai shi asibiti. Likitan tiyata mace ce gajeriya mai saurin magana, ba ta da lokacin kwana-kwana. Ta duba ƙafar, ta duba sakamakon jini, ta ciro biro ta zana layi a ƙaurinsa daidai inda jan kumburin ya tsaya. Sannan ta fito da mu baranda, ni da Yaya da Mama.

"Shekara nawa yana da ciwon sukari?"

"Sha ɗaya," in ji Mama. "Amma yana allurarsa, wallahi. Kullum da ita yake fita shago."

"Mama, wannan jinin ba na mai yin allura ba ne." Ta juyo gare mu. "Ƙafar ta mutu daga idon sawu zuwa ƙasa. In muka yanke a ƙasan gwiwa cikin kwana biyu ko uku, zai tashi, zai yi tafiya da ƙafar roba. In jan nan ya wuce layina da yawa, sai saman gwiwa. In ya shiga jini kuma, ba maganar ƙafa za mu yi ba."

Mama ta zauna a ƙasa a wurin, ko kujera ba ta nema ba.

Baba ya ce ba zai sa hannu ba. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, ya dai ture takardar a hankali kamar yadda yake ture yadin da bai yi masa ba. Likitar ta yi bayani, Yaya ya yi magiya har da hawaye, Baba ya saurare su duka cikin ladabi, sannan ya ce, "Na gode, likita. Amma ni ma ina da tawa. Sai abin da Dakta ta ce."

Likitar ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Ke ce Daktar?"

Na ce ni ce, kuma ban taɓa jin kunyar wannan suna ba kamar a lokacin. Na matsa kusa da gadon na ce, "Baba, ka sa hannu." Ya girgiza kai. Ya ce wannan tsoro ne yake magana, ba Dakta ba. In je shago, in buɗe aljihun keke na ƙasa, in karanta abin da zan gani, in yi nazari yadda na saba, sannan in dawo mu yi magana ta ilimi.

Washegari da safe na buɗe shagon. A aljihun keken, ƙarƙashin guntayen yadi, alluransa na sukari ne, insulin, jere a kwalayensu, ko ɗaya ba a ɓalle ba, na wata takwas. Kullum yana karɓa daga hannun Mama ya sa a aljihu, ya zo nan ya ajiye. A gefensu akwai ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, da wani littafi mai baƙin bango, irin wanda yake rubuta awon mutane a ciki. Na leƙa ta ƙofar baya. A ɗan lungun da ke tsakanin shagon da katangar maƙwabta, bokitan fenti ne guda tara, kowanne da ɗoɗɗoyata a ciki, kore shar, an yi musu ban ruwa da kulawar da ko ni ba na yi musu a wurin aiki.

Na zauna a bencinsa na buɗe littafin. Shafin farko lissafi ne. Nauyin ɓera, giram ɗari biyu. Nauyin Baba, kilo saba'in da huɗu. Ya raba, ya ninka, ya fitar da yawan ganyen da ya kamata mutum mai nauyinsa ya sha, yadda yake fitar da yadin babba daga awon yaro. Lissafin ko kuskure ɗaya babu. A nan na tuna ranar da abin ya samo asali.

Shekara biyu da suka wuce, ranar da sakamakon gwajinmu ya fito, na zo gida kaina a kumbure. Muna cin abincin rana na cika musu kunne. Na ce ɓerayen da muka ba ruwan ganyen sukarinsu ya sauka, na faɗi sunayen sinadarai ɗaya bayan ɗaya, yujinol da su wane da wane, ina jin daɗin yadda suke cika baki. Yaya ya ce shi dai a miƙo masa gishiri. Mama ta ce Allah ya sa albarka, ta tashi ta kwashe kwanuka. Baba kaɗai ya zauna, yana ta tambaya. Ɓera nawa ne nauyinsa? Nawa ake ba shi? Sau nawa a rana? In na'ura ta yi ƙarya fa, ta yaya ake ganewa? Ni kuwa na samu mai saurare, na saki baki. Na ce kowane awo sau uku muke yi, in ɗaya ya kauce daga 'yan'uwansa da yawa sai mu ja masa layi mu sake. Da zan tafi ya ce in kawo masa irin ya shuka, ya riƙa ganin aikin 'yarsa. Na kawo masa tsiro uku a leda, ina ta murna. Ban ce masa kada ya daina allura ba. Wa zai yi tunanin sai an faɗa?

Sauran shafukan duk awo ne. Kwanan wata, nauyin ganye, minti nawa ya tafasa, sai lambar da na'urar gwada sukari ta nuna, sau uku kowace safiya. Shekara guda da wata huɗu ya yi yana haɗa ganyen da allura, lambobin suna da kyau, ya rubuta a gefe da manyan baƙaƙe cewa aikin Dakta ya tabbata. Daga nan ya ajiye allurar. Lambobin suka fara hawa, shi kuma ya fara ja musu layi. Da farko ɗaya a cikin uku. Can gaba biyu. A watannin ƙarshe shafi guda cur sai ka ga duk layi ne, da rula ma yake ja don kada ya karkace, a gefe ya rubuta: na'ura ta kauce. Sau biyu ya sayi sabuwar na'ura. Ya fi yarda na'ura uku sun yi ƙarya a kan a ce 'yarsa ce ba ta yi daidai ba.

Na yi kuka a shagon nan har na gode wa Allah. Na ji haushinsa, haushi mai tsanani, har na yi jifa da littafin ya bugi kanta. Na ji haushin kaina fiye da haka. Sannan na ɗauko littafin na share masa ƙura, domin rubutun hannun Baba ne.

Abin da na yi bayan wannan, har yau ba ni da hujjar da zan kare kaina da ita. Mai hankali asibiti zai koma. Ni kuwa na tsinki ganyen bokitan, na zuba ragowar ruwan da ke cikin fulas ɗinsa a kwalba, na nufi wurin aiki ran Lahadi, mai gadi yana kallona. Baba ya ce in yi nazari, kuma nazari shi ne kaɗai abin da hannuna ya iya. Na kunna injin awon sinadarai, na jira ya yi zafi, na tace, na auna, sau uku kamar kullum. Awa biyar na kashe a ɗakin nan mai sanyi, ina kallon layi yana hawa da sauka a allon kwamfuta, alhali wani layin yana can a ƙaurin mahaifina.

Sakamakon bai ba ni mamaki ba. Ganyen da ya tashi a inuwar lungu, a ƙasar bokiti, sinadarinsa bai kai rabin na gonar gwajinmu ba. Ruwan fulas ɗin kuwa kusan babu komai a ciki, don Baba yana tafasa shi minti talatin a buɗe, shi kuwa man ganyen da tururi yake gudu. Wata takwas mahaifina yana shan ruwan zafi mai launi a madadin allura. To, ko da ya sha mafi ƙarfin abin da muke tatsa, me zai yi masa? Abin da shekara shidan nan suka ba ni ikon faɗa da gaskiya bai wuce jimla ɗaya ba: yana ɗan rage sukari a jikin ɓera, wataƙila ya ɗan taimaka wa mutum, ba mu tabbatar ba tukuna. A kan wannan wataƙilar Baba ya ɗora ƙafarsa.

Da na isa asibiti da la'asar, Yaya ne ya tare ni a ƙofar ɗakin jinya. Idonsa ya yi ja.

"Ina kika shige tun safe?"

"Wurin aiki."

"Wurin aiki." Ya maimaita a hankali. "Jan ya wuce layi da yatsa biyu, zazzaɓi ya rufe shi, ke kina wurin aiki. Ki shiga ki gaya masa ganyen nan banza ne. Ki ce ƙarya kika yi, ki ce ciyawa ce, ki ce duk abin da za ki ce. Ke kaɗai yake ji, mu da muka ƙare a sakandare ai surutu muke yi."

Bai taɓa gaya mini irin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Baba yana kwance an sa masa ƙarin ruwa, leɓensa ya bushe, amma da ya gan ni da littafin a hannu sai fuskarsa ta washe. Ya sa Mama ta ɗaga masa filo. Wallahi kamar ɗalibin da ya kawo wa malami aikin gida.

"Kin karanta?"

"Na karanta, Baba."

"Lissafin ya yi?"

"Lissafin ya yi. Amma Baba, ba a auna mutum da ɓera haka. Kuma lambobin da ka ja wa layi, su ne na gaskiya. Na'urar ba ta kauce ba. Sukarinka ne ya hau."

Ya mayar da ido kan silin. Mama tana gefe tana murza bakin mayafinta.

"Ina so in tambaye ki abu ɗaya," in ji shi, "kuma ki ba ni amsar da za ki ba manyanku a wurin aiki, ba wadda yayanki ya ce ki ba ni ba. Na ji shi, ƙofar ba ta da kauri. Ganyen nan, yana aiki ko ba ya yi?"

Kalma uku kawai ake nema daga gare ni. Ba ya yi. Na shirya su tun daga baranda, suna kan harshena. Amma shekara goma sha ana horar da ni kada in faɗi abin da ya wuce abin da na auna, kuma mutumin da ke tambayata shi ne wanda ya taɓa sa ni na koma kanti da ƙafa don in mayar da canjin da aka yi kuskuren ƙara mini. Yana kallona ido cikin ido. Sai na ji bakina yana cewa, "Yana ɗan yi, amma kaɗan ne ƙwarai, ba zai taɓa maye gurbin allura ba. Naka ma da na gwada yau, babu komai a ciki, inuwa ta rage shi, tafasawar kuma ta kore sauran. Amma ko da..."

"Tsaya." Ya ɗaga hannun da babu allurar ruwa. "Kin gwada nawa?"

"Na gwada, amma Baba, abin da nake so ka gane..."

"Babu komai a ciki."

"Babu. Amma ko da akwai..."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda aka sauke wa buhu daga ka. Har murmushi ya yi. Ya juya wurin Mama.

"Kin ji ko? Na gaya miki ba daga wurinta ba ne. Ni ne na ɓata. Minti talatin, a buɗe. Kai, tela da shiga aikin da ba nasa ba." Ya dafa hannuna, tafinsa zafi kamar dutsen guga. "Ki yafe ni, Dakta. Wata biyun nan ba ƙafar ce ke hana ni barci ba. Ina ta tunanin in na je asibiti za a ce aikin 'yata ne ya gaza, a rubuta a takarda, ya kai kunnen manyanki. Ashe hannuna ne. To alhamdu lillahi. Kira likitar."

Na ce ba haka ba ne. Na faɗa da ƙarfi har matar da ke jinyar mai gadon kusa ta juyo. Na ce ko ni na shuka, ko ni na dafa, ko na ba shi wanda ya fi kowanne ƙarfi, ƙafar nan sai ta lalace in babu allura. Na ce laifina ne, ni na cika baki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yanzu da na makara, kalma ukun nan suka fito, na maimaita su ya fi sau biyar. Yana ta gyaɗa kai yana shafa bayan hannuna, yadda ake yi wa yaron da ya firgita. Ya riga ya samu amsar da yake so, kuma daga bakina ta fito, da shaidar inji.

Likitar ta zo da takardar. Ta ɗaga zanen ta duba layinta, ta matsa ƙaurin da yatsa a wurare biyu, ta ce har yanzu tana ganin za a iya tsira da gwiwar in aka shiga da safe, amma ba ta yi alkawari ba. Baba ya karɓi biro ya sa hannu a tsanake, da kyakkyawan rubutunsa. Yaya ya jingina da bango ya rufe fuska. Da muka haɗa ido ya ɗaga mini kai alamar godiya, yana zaton na yi abin da ya ce.

Da safe, wajen ƙarfe tara, nas biyu suka zo da gadon turawa. Mama ta bi su tana addu'a a hankali. Ni ina riƙe da ƙarfen gadon har bakin ƙofar ɗakin tiyata, inda aka ce mu tsaya. Baba ya yafito ni da yatsa, na sunkuya na kai kunnena bakinsa, ina zaton wasiyya zai yi.

"Ki sa yayanki ya fitar da bokitan nan rana," ya ce. "In na fito, allurar zan riƙa yi, kada ki damu, har ki nuna mini yadda ake dafawa daidai. Wannan karon tare za mu yi awon. Ai akwai sauran ƙafa ɗaya."

"Baba, don Allah..."

Nas ta ce in matsa. Suka tura gadon, ƙofar ta rufe. Mama ta matso tana tambayata me ya ce, me ya ce. Na ce mata ya ce mu yi masa addu'a, sannan na nemi kujera na zauna.